Jan Karan Dafi a Kan Farar Shadda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah ki ɓoye sunana da lambata, ki sa shi yadda na turo, kada ki gyara mini kuma kada ki rage masa zafi. Shawara nake nema a wurinku, don Allah ku ba ni ita yau, saboda abin da ke gabana ba zai kai jibi ba. Rubutun zai yi tsawo ku yi haƙuri, sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, tun daga lokacin kuwa in na fara ban iya taƙaitawa.

Ni mutuniyar Gwandu ce, nan aka haife ni, nan nake aure, ɗiyana biyar duk sun girma. Sana'ata sassaƙa furen katako, ɗan ƙarami da bai fi tafin hannun jariri ba, irin wanda ango da abokansa ke maƙalawa a ƙirjin riga ranar ɗaurin aure. Da na roba suke sawa, wasu masu son burga su sayo ɗanyen fure daga Birnin Kebbi, kafin liman ya shafa fatiha zafinmu ya dafa shi ya langaɓe. Ni kuma a gidan masassaƙa na tashi, tun ina yarinya ina wasa da wuƙar babana, sai na ga ai wannan abu ne da zan iya. Ina karɓo ragowar farin katako mara nauyi wurin kafintoci, in yanka, in fere kunnuwa takwas da 'yar wuƙa, in goge da sanfefa, in rina, in manna fil a baya. Shekara shida ke nan ina yi, an kai furena Kambaza, an kai Maruda, har Jega an kai.

Amma siffar furen ba ni na ƙirƙiro ta ba, ta kakata ce, mahaifiyar babana, wadda muke kira Inna. Inna ɗiyar dukawa ce daga Kambaza, aka kawo ta Gwandu gidan kakanmu masassaƙi. Ita ba ta san shekara ba, takan ce dai a lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba, da na yi karatu na zauna na lissafa sai na ga abin ya faɗa a 1920 da 'yan kai. Ta ce da aka kawo ta kwana bakwai ba ta yi masa magana ba, shi kuma mutum ne mai nauyin baki, bai san yadda ake lallashi ba, sai ya ɗauki guntun iccen aduwa da ya rage daga allon da yake sassaƙawa, ya fere mata furen bado irin na fadamar garinsu, ya ajiye mata a bakin gado ya fita abinsa. Ita kuma ta ce fari ya yi mata kama da abin makoki, sai ta rina shi da karan dafi, wato jan ɓawon karan dawar nan da dukawa ke rina fata da shi. Wannan furen ya zauna a hannunta fiye da shekara sittin. Jan ya yi duhu ya koma kamar jinin da ya kwana, kana ganin sawun wuƙar kakanmu ɗaya bayan ɗaya, akwai ma kunne guda da wuƙar ta zame masa ya fi sauran gajarta, a tsakiya kuma wurin ya yi santsi ya lotsa saboda babban yatsanta, don in tana tunani shi take murzawa. Ni na yi jinyarta shekara uku, ni na juya ta, ni na wanke ta, kuma da hannunta ta danƙa mini shi a gaban babana.

To akwai taubashiyata, ɗiyar goggona, zan kira ta Hajo duk da ba sunanta ke nan ba. Tana aure a Kalgo. Kun san wasan taubasai, ni ɗiyar namiji ita ɗiyar mace, tun muna yara ina ce mata baiwata tana ce mini uwargijiyata, in ta zo gidanmu ta ɗauke mini takalmi ko kallabi ta gudu, a yi dariya, bayan kwana biyu ta dawo da shi ko in fanshe shi da goro. Ban taɓa jin haushin wannan ba, da shi muka tashi. Shekara biyu da suka wuce mijinta ya bar aiki, gida ya yi nauyi, Goggo ta roƙe ni in koya mata sana'a. Wata huɗu tana zuwa duk Asabar da Lahadi, ina ciyar da ita, na ba ta wuƙata ta biyu, na yanke mata samfuri a kwali. Hannunta yana da kyau ba zan yi mata ƙarya ba, amma ba ta da haƙuri. Duk ranar da na ce ta tsaya ta ga yadda ake rinin karan dafi har ƙarshe, sai ta ce uwargijiyata wannan wahalar mutanen da ce, ga fentin gwangwani a kasuwa, ta yafa gyale ta ce mota za ta wuce ta. Haka ta koma Kalgo ta buɗe nata da fenti, na yi mata fatan alheri, har mutane na tura mata.

A watan cika-ciki na bara ta zo gaishe ni, na shiga yin la'asar na bar ta a ɗakina. Washegari na buɗe 'yar kwallar da nake ajiye furen Inna a ciki na tarar babu. Na birkice ɗakin nan kaf, na zargi jikokina, na zargi maƙwabciyata a zuciyata Allah ya yafe mini, sai can da yamma ga wayarta tana dariya har tana tari, wai baiwa ta kwashi ganima, in ina so in zo in fansa. Na ce mata Hajo wannan ba kallabi ba ne, ki ba direban Gwandu ya kawo mini gobe. Ta ce to. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata uku, in na kira ta ce yau, in na aika ta ce ta manta a wata jaka. Ban tafi da kaina ba saboda lokacin maigidana yana kwance da ciwon ƙafa, kuma wallahi ban kawo a raina za ta yi masa wani abu ba, na ɗauka dai tana nuna wa masu saye ne.

Rannan ina duba waya sai ga shi a status ɗinta. Da farko ban gane shi ba, sai da na ga gajeren kunnen nan. Jama'a, ta goge shi da sanfefa, ta fesa masa fentin ruwan zinari, ta huda tsakiyarsa, daidai inda yatsan Inna ya lotsa, ta manna wani dutsen roba mai walƙiya irin na gyalen 'yan mata. A ƙasa ta rubuta wai gadon kakarmu, sana'ar gidanmu shekara ɗari, masu biki a garzayo. Ban ci abinci ba ranar, da safe na hau mota biyu na isa Kalgo. Na same ta a tsakar gida da masu saye mutum biyu, ban jira sun tafi ba, na faɗa mata duk abin da ya zo bakina, ita ma ba ta yi shiru ba. Ta ce ai gyara shi ta yi, ya tsufa ya yi baƙi kamar abin bori, ba wanda zai ga wancan ya yi oda. Ta ce kuma Inna ba kakata ba ce ni kaɗai, ita ma nononta uwarta ta sha. Na ce ina kike lokacin da nake kwashe mata kashi, ta ce ai aure take, ba a hana ni tafiya nawa gidan ba. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta jefo mini shi a kan tabarma.

Na kawo shi gida na cire dutsen, na yi ta fama da kananzir da tsumma har zinarin ya fita. Abin da ya rage farin icce ne sumul mai rami a tsakiya. Babu jan Inna, babu sawun wuƙa, babu komai. Zan iya rina shi gobe ya yi ja, amma wannan jana ne, ba nata ba. Duk wanda ya taɓa rasa abin da ba a sayarwa ya san abin da nake nufi, wanda bai sani ba kuma ba zan iya fahimtar da shi ba.

Na kai ƙara wurin Baffa, ƙanen babana, shi ne babbanmu yanzu. Ya tara mu a zaurensa, ni na tafi da shirin a yi hukunci, ashe su sulhu suka shirya. Baffa ya ce tun kakanninmu ba a fushi da taubashi, duk abin da ya ɗauka wasa ne, wanda ya riƙe shi a zuci shi ne ya ɓata zumunci. Goggo ta yi ta kuka tana cewa kada mu raba mata dangi tana da rai. Maigidana da na zata zai tsaya mini ya ce Hajiya icce ne fa, ki sassaƙa wani mana tunda kin iya. Aka ce Hajo ta ba ni haƙuri, ta ɗan rusuna tana murmushi ta ce tuba nake uwargijiyata, baiwa ba ta da hankali, zauren ya fashe da dariya, har da Baffa. Aka shafa fatiha aka tashi. Ni kaɗai na fito ba a biya ni komai ba, kuma ni aka bi da kallon mai taurin zuciya. Hoton kuwa har yau bai sauka daga shafinta ba, da shi take talla, mutanen da nake yi wa aiki shekara da shekaru sun koma can wai wurin mai asalin gado.

Ban sake yi mata magana ba, in mun haɗu a suna ko gaisuwar mutuwa in amsa sallama in kau da kai. Ba zan ɓoye muku ba, wata takwas kullum ina roƙon Allah ya kawo ranar da za ta buƙace ni.

Ranar ta zo mako biyu da suka wuce. Ta kira ni da muryar wasa kamar babu abin da ya taɓa faruwa, wai ta samu babban aiki, fure saba'in na ango da abokansa, ankon farar shadda za su yi, kuma sun ce ba su son fenti, jan gargajiyar nan na kakarta da ta ƙara rubutawa a talla daga baya suke so. Ta sayo karan dafi, ta daka, ta jiƙa da kanwa kamar yadda ta taɓa gani ina yi, jan ya kama, amma ya bushe dusu-dusu babu ƙyalli.

Ta ce, "Uwargijiyata, in ya bushe mi kike shafa mishi yake sheƙi?"

Na ce, "Man kaɗe."

Ta ce, "Shi kaɗai? Na ga kamar kina narka wani abu a gwangwani."

Na ce, "Shi ne nake narkawa. Ki rina gaba da baya kada a ga fari a raina miki aiki, ki shafa da yawa, kada ki yi rowa."

Ta yi godiya, ta ce ashe dai uwargijiya ba ta yar da baiwarta, na ce Allah ya ba da sa'a na kashe waya.

Bari in faɗa muku abin da na yi, don waɗanda ba su san aikin ba. Karan dafi ba ya zama a kan icce shi kaɗai, da ya ji danshi yake tashi. Abin da Inna ta koya mini, na farko ba a rina bayan fure, inda zai taɓa tufa fari ake barinsa. Na biyu kakin zuma ake narkawa, man kaɗen ɗan kaɗan ne ake ɗigawa don kakin ya yi laushi, a shafa da zafinsa gaba da baya, a bar shi a inuwa kwana biyu ya kama, sannan a murza da farin ƙyalle har sai ƙyallen ya fito tas. In ka sa man kaɗe zalla, a ɗaki zai yi sheƙi kamar madubi, ka ce ka gama, amma da ya shiga rana man ya narke, gumi ya same shi ta baya, sai ya kwaso jan ya zuba a riga. Don in tabbatar na yi guda ɗaya yadda na faɗa mata, na maƙala a tsohuwar farar rigar maigidana, na yayyafa ruwan gishiri na shanya a rana. Kafin in gama tankaɗe jan ya yi faɗin bakin kofi yana gangarowa, kamar an soki mutum a ƙirji. Na wanke da sabulu, na jiƙa a garin wanki, na sa bilic, ya koma ruwan ƙasa amma bai fita ba. Ga shi bazara muke ciki, ɗaurin auren kuma, yadda ta faɗa mini, a Kalgo ne ƙarfe sha ɗaya a fili ƙarƙashin rumfa.

Kwana goma sha biyu na yi cikin jin daɗin da rabona da shi tun kafin ta ɗauki furen. Ina wanke-wanke ina hango maza saba'in da jan tabo a ƙirji suna neman gidan mai gadon shekara ɗari. Ina hango hotunan suna yawo a waya kamar yadda nata ya yi yawo. Har na shirya abin da zan ce in Baffa ya kira ni, zan rusuna in yi murmushi in ce ai wasan taubasai ne Baffa, ba a fushi. Ban ji kunya ba, kuma ko yanzu da nake rubutawa in na tuna fuskarta a zauren nan ba na jin na yi laifi a kanta.

Shekaranjiya Litinin sai ga Malama ta yi sallama a gidana. Malama ita ce ta koyar da mu a ajin manya, ita ta kama hannuna da nata muka rubuta sunana, lokacin da matan aji ke mini dariya saboda ina riƙe biro kamar wuƙar sassaƙa ita ce ta ce a ƙyale ni, hannun da ya saba da icce ba zai gagara takarda ba. Da maigidana ya so hana ni zuwa, ita ta zo har zaure ta yi masa magana sau uku. Mijinta ya rasu tun yaranta suna ƙanana, ita ta yi ta fama da su. Ta miƙo mini kati ta ce karanta da kanki, autana zai yi aure Asabar. Na karanta, na ga ɗaurin aure a Kalgo, ƙarfe sha ɗaya, amma na ce a raina ai biki a Kalgo ba ɗaya ba ne. Sai ita da kanta ta kawo zancen, ta ce ta so a kawo mini aikin furen, amma abokan angon sun riga sun yi oda ta waya wurin wata a Kalgo da ƙawayen amarya suka nuna musu, da ta bincika aka ce mata 'yar'uwata ce.

Ta ce, "Da na ji ke kika koya mata sai hankalina ya kwanta."

Na ce mata Allah ya sanya alheri. Ba ta tsaya nan ba, ta ce angon ba zai yi sabon ɗinki ba, babbar rigar mahaifinsa zai sa, fara mai aikin hannu, wadda marigayin ya sa ranar nasu ɗaurin auren, shekara talatin da wani abu tana ajiye da ita a ƙasan akwati, duk shekara ta fito da ita ta shanya ta mayar. Ta ce an kai wa mai bugu ya buge ta, ta fito kamar jiya aka ɗinka. Tana faɗa tana share ido da bakin hijabi. Kada wani ya wahalar da kansa a comment yana nuna mini kamannin wannan da abin da aka yi mini, ina da ido, tun tana zaune na gani.

Da ta tafi na yi abu biyu. Na farko na kira Goggo na ce ta gaya wa ɗiyarta ina nemanta a Gwandu, ta zo gaban Baffa ta faɗa da bakinta ba da wasa ba cewa sata ta yi kuma ɓarna ta yi, ta sauke hoton nan, in ta yi haka akwai maganar da zan gaya mata wadda za ta amfane ta. Ban faɗi ko mene ne ba. Amsar da ta dawo voice ne na minti ɗaya, rabinsa dariya, wai uwargijiya ta ji an ba baiwa babban aiki hassada ta motsa, in yi haƙuri in an gama biki za ta aiko mini da cincin da alkaki. Ta turo har da hoton furannin jere a kan tire saba'in cif, suna sheƙi, gaba da baya ja wur, yadda na ce mata.

Na biyu, na zauna na sassaƙa fure guda ɗaya, na yi shi yadda Inna ta koya mini, bayansa fari, kakinsa ya kama, na murza da ƙyalle ya fito tas. Yana nan a gabana. Tunanina shi ne in kai wa Malama ranar Juma'a in ce wannan na ango ne daga hannuna, kada ya sa na kowa sai shi. Rigar marigayi ta tsira, sauran sittin da taran kuwa su yi abin da za su yi, Hajo ta sha abin da ta dama. Jiya har na ji na samu mafita. Amma yau da na sake juya tunanin na ga ramukansa. Bikin ɗan Malama ne dai zai lalace, shi zai tsaya fari tas a tsakiyar abokai masu jini a ƙirji, a gaban surukansa, kuma yaran nan ba su yi mini komai ba, wasu na san iyayensu, na san yadda aka yi aka haɗa kuɗin shaddar. Sannan Malama ba yarinya ba ce, in ta ga na ɗanta kaɗai ya tsira za ta san na sani, za ta dube ni, ni kuwa duk Gwandu idon mutum ɗaya nake jin nauyi, nata ne.

In kuma na kira Hajo na gaya mata gaskiya, aikin yana gyaruwa, a kankare bayan da sanfefa, a wanke man da ruwan toka, a shanya, a shafa kaki, mutum biyu za su iya a yini ɗaya in sun zauna. Amma ku duba abin da zai biyo baya. Biki zai yi kyau, a yi ta ɗaukar hoto, a ce aikin Hajo mai gadon kakarta, oda ta ƙaru mata, kuma ta samu abu na ƙarshe da ya rage a hannuna na Inna, wanda ba ta tsaya ta koya ba lokacin da nake roƙonta. Ta ɗauki furen, ta ɗauki sunan, ta ɗauki masu sayena, yanzu in bi ta har gida da kakin zumana in ba ta sirrin, in kuma zauna in kankare mata da hannuna. Sannan na san ta, ba za ta ce na cece ta ba, za ta zaga dangi ta ce na yi mata mugunta Allah ya tona ni, Baffa ya sake tara mu, wannan karon ni za a ce in rusuna.

In na je wurin Malama na faɗa mata komai, dole in fara da cewa ni na ba da shawarar man kaɗen da gangan, kuma ko ta yafe mini ba ni da saba'in da zan ba ta a madadi, fure saba'in aikin mako uku ne a hannuna. Ƙarshenta a ce a fasa sa furen, Hajo ta ce an yi mata zagon ƙasa, abin ya ƙare a kaina, ita ba ta ji komai a jikinta ba. Maigidana ban gaya masa ba, na san amsarsa tun kafin ya buɗe baki. Babbar ɗiyata na ɗan gutsura mata, ta ce Mama ki bar wa Allah, na ce na bar masa tun bara, amma ban ga laifi ba in ina so in gani da idona.

Yau Laraba. Kaki yana son kwana biyu kafin ya kama, in za a gyara sai an fara gobe Alhamis da safe, in ta wuce gobe ko na yi nadama babu abin da zai gyaru. Don haka ga tambayata, kuma don Allah masu cewa ki yafe ki manta su ajiye wannan, ban kai wurin ba tukuna, in na ce muku na kai ƙarya na yi. Akwai hanyar da zan fid da Malama da ɗanta da yaran mutane daga wannan abu ba tare da na wanke Hajo ba? Wadda ta taɓa samun kanta a irin wannan ta gaya mini yadda ta yi. In kuma kun duba kun ga babu, sai dai in zaɓi ɗaya, ko in ga Hajo a ƙasa ko in iya kallon Malama ranar Asabar, to ku faɗa mini gaskiya ba daɗin baki ba, in ku ne aka yi wa abin da aka yi mini, kuna hawa motar Kalgo gobe da safe ko kuna zama?